Hannu a jikin alƙalin wasa: laifi ɗaya, hukunci biyu a gasar kaka ta bana

Malam Mai Usur:
Assalamu alaikum. Ina neman izinin iyayenmu da shugabannin wannan zaure in kawo wata magana da ta tsaya mini a rai tun ranar Lahadi. Na ga ya fi dacewa in faɗe ta a nan, inda kowa zai gani ya mayar da amsa, maimakon in riƙa yin ta a majalisa bayan idon waɗanda abin ya shafa. Na yi shekara 14 ina busa wasa a ƙauyukan ƙasar Ringim kafin ciwon gwiwa ya sa na rataye usur, don haka na san yadda ƙirjin mutum yake dukan uku-uku idan 'yan wasa goma suka yo kansa a lokaci guda.

Sau biyu aka sa wa alƙalin wasa hannu a gasar kaka ta bana. Na farko a wasan rukuni ne, inda wani yaro mai tsaron baya na ƙungiyar hayin rafi ya riƙe hannun alƙali a lokacin da yake ƙoƙarin zaro kati daga aljihu. An ba shi jan kati nan take, washegari kuma kwamiti ya zauna ya kore shi daga gasar bana, ya haɗa masa da ta baɗi, sannan ya ci ƙungiyarsa tarar naira 10,000. Na biyu ranar Lahadin nan ne, a wasan daf da na kusa da na ƙarshe, inda kyaftin ɗin ƙungiyar cikin gari ya sa hannu biyu ya ture alƙali a ƙirji bayan an ba da fenariti a kansu, har alƙalin ya yi taga-taga usur ya suɓuce masa. Duk wanda yake filin makarantar firamare a ranar ya gani da idonsa. Katin gargaɗi kawai aka ɗaga masa, jiya kuma aka sanar da cewa an yi sulhu, zai buga wasan ranar Juma'a.

Tambayata ga kwamiti guda ɗaya ce: da wane mudu aka auna wa ɗan hayi, da wanne kuma aka auna wa ɗan cikin gari? Ni ban zo da gaba da kowa ba, kuma kyaftin ɗin a gabana ya girma. Amma idan riƙe hannu ya kai korar shekara biyu, to ban ga yadda turewa da hannu biyu za ta tsaya a ban haƙuri ba.

Sakataren Gasa:
Wa alaikumus salam, Malam. Mun gode da kuka kawo maganar fili. Ina so jama'a su san cewa kwamiti ba da abin da 'yan kallo suka gani yake yanke hukunci ba, da rahoton da alƙali ya rubuta ya sa wa hannu yake aiki, domin idan muka buɗe ƙofar ji-ta-ji-ta, kowane gari zai kawo mana shaidu ashirin da za su rantse a kan abin da ya dace da ƙungiyarsu. Alƙali ɗaya ne ya busa wasannin biyu. A rahotonsa na farko ya rubuta cewa ɗan wasa ya kama shi ya hana shi aikinsa, ya kuma ba da jan kati. A na biyu abin da ya rubuta shi ne kyaftin ya yi masa gardama mai zafi, ya ba shi katin gargaɗi. Babu kalmar turewa a cikin takardar, kuma tana hannuna ga duk mai son gani. Bayan haka dattawa suka kai kyaftin ɗin har gidan su alƙalin, ya ba da haƙuri, aka yafe masa. A kan me za mu dakatar da mutumin da wanda aka yi wa laifin bai kai ƙararsa ba?

Kocin Hayi:
Sakatare, ina girmama ka, amma wannan amsa ta ƙara mini ciwo a kan wanda nake da shi. Mu ma mun je ban haƙuri. Mahaifin yaron nan ya bar sussukar gerorsa ya hau mashin ɗin haya, ni da shi da mai unguwarmu muka zo har gidan shugaban kwamiti, yaron ya durƙusa yana hawaye, aka ce mana doka ba ta san ban haƙuri ba. Muka karɓa, muka yi karo-karo muka biya tarar, har wasu iyaye sai da suka kai kaji kasuwar Gujungu kafin kuɗin ya cika. Yaron shekararsa 19, kuma shi ne ya fi kowa zuwa atisaye a ƙungiyata. Yanzu ku faɗa mini abin da zan gaya masa idan ya ji cewa wanda ya yi abin da ya fi nasa zai shiga fili ranar Juma'a da kambun kyaftin a damtsensa. Kuma kai kanka, Sakatare, kana zaune a kan benci a bakin layi ranar Lahadi. Ba ji-ta-ji-ta ba ce a wurinka, gani-da-ido ne.

Baban Khalifa:
Ni mai gidan kallo ne, kusan kullum a gaban wasannin Turai nake kwana, kuma ina so in tuna mana cewa wannan bambancin ba a garinmu aka fara shi ba. A watan Maris na 2023, ranar da Liverpool ta ci Manchester United 7 da nema a Anfield, Bruno Fernandes na Manchester United ya ɗan ture mataimakin alƙali mai riƙe da tuta, duniya ta gani a talabijin, amma hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ba ta yi masa komai ba, domin alƙalan sun ga abin a lokacin ba su ɗauke shi laifin kora ba. Bayan mako biyu kacal, a kofin FA, Aleksandar Mitrovic na Fulham ya ture alƙali Chris Kavanagh a Old Trafford, aka dakatar da shi wasa 8, aka ci shi tarar fam 75,000. A ɗakina an yi kwana da kwanaki ana musu, masu cewa don Bruno ɗan babbar ƙungiya ne, da masu cewa turewar ba iri ɗaya ba ce. Idan ƙasar da take da kyamara a kowace kusurwa da lauyoyi da kuɗi ba ta kuɓuta daga wannan ba, ina ganin bai kamata mu yi wa kwamitinmu, da yake aikin sa kai ba a biyansa ko kwabo, rubdugu haka ba.

Malam Mai Usur:
Baban Khalifa, misalinka gaskiya ne, amma ni darasin da na ɗauka daga gare shi dabam ne da naka. Abin da ya sa har yau kake tuna labarin Bruno shi ne mutane sun ji a jikinsu cewa an yi son kai, kuma da aka zo hukunta Mitrovic, sunan Bruno magoya bayan Fulham suka riƙa ambata. Kuskuren da aka yi a Ingila abin gudu ne a gare mu. Su suna da 'yan sanda da katanga tsakanin alƙali da 'yan kallo, mu kuwa ko igiya ba mu ɗaura ba a bana.

Ɗalibi Daga Dutse:
Da izinin iyayena, ina so in ɗan yi bayani a kan abin da dokar wasan ta ce, domin na ga an haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Doka ta 5 a cikin dokokin ƙwallon ƙafa 17 ta ce hukuncin alƙali a kan abin da ya faru a cikin wasa, kamar ƙwallo ta shiga raga ko ba ta shiga ba, da sakamakon wasan, shi ne na ƙarshe. Doka ta 12 kuma ta bambanta gardama, wadda katin gargaɗi ne hukuncinta, da kai wa mutum hannu da ƙarfi, wanda jan kati ne, ko ɗan wasa aka kai wa ko alƙali ko ɗan kallo. Amma yawan wasannin da za a dakatar da mutum bayan an tashi, wannan ba ya cikin dokokin nan, aikin masu shirya gasa ne su rubuta shi a nasu kundin.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Cristiano Ronaldo a watan Agustan 2017, a wasan Super Cup na Sifaniya tsakanin Barcelona da Real Madrid a Camp Nou. Da aka ba shi kati na biyu aka kore shi, sai ya ɗan ture alƙalin ta baya, turewar da ba ta kai ko rabin wadda muka gani ranar Lahadi ba. Alƙalin ya rubuta abin a rahotonsa kamar yadda ya faru. Kundin ladabtarwa na Sifaniya kuwa tun kafin ranar ya riga ya tanadi dakatarwar wasa 4 zuwa 12 ga wanda ya kama alƙali ko ya ture shi ko da turewar ba mai ƙarfi ba ce. Saboda haka aka ba shi wasa 1 na jan kati, aka ƙara masa 4, suka zama 5, Real Madrid ta ɗaukaka ƙara aka yi watsi da ita. A lokacin babu ɗan wasan da ya fi shi suna a duniya. Abu biyu ne suka ɗaure shi: alƙali ya rubuta gaskiya, kuma akwai adadi a rubuce da babu mai iya ragewa. Ina roƙon Sakatare ya karanto mana abin da takardar dokokin gasarmu ta ce a kan taɓa alƙali.

Alhaji Uban Gasa:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma tun da ni ne na jagoranci dattawan da suka je sulhun, ba zan ɓoye a bayan Sakatare ba. Mun kafa gasar nan ne domin samarinmu su samu abin yi bayan an kawar da amfanin gona, kafin masu tafiya cin rani su tafi, kuma domin ƙauyukanmu su ƙara sanin juna. Mu ba Turawa ba ne da za a yanke hukunci kowa ya shiga motarsa ya tafi. Kasuwarmu ɗaya, maƙabartarmu ɗaya, akwai auratayya tsakanin kusan kowane gida biyu. Da daren Lahadi labari ya iske ni cewa samarin cikin gari sun ce idan aka hana kyaftin ɗinsu wasa, to babu ƙwallon da za a buga a filin ranar Juma'a. Na auna, na ga dakatar da mutum ɗaya zai iya jawo a fasa wa wani kai, sai na zaɓi sulhu. Idan kuskure ne, to daga gare ni yake, kuma niyyata kashe wuta ce.

Maman Hanifa:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, babu mai shakkar niyyarku. Ni ce yayar alƙalin da ake magana a kansa, kuma na daɗe ina karantawa ina danne zuciyata. Ranar Lahadi ya shigo gida bai ci tuwo ba, mahaifiyarmu ta ga shatin yatsu a rigarsa, ta ce masa ya ajiye usur ɗin nan tun bai jawo mata kuka ba. Naira 2,000 ake ba shi a kowane wasa, rabinta a man mashin take tafiya, ba don kuɗi yake yi ba. Washegari kuka zo ku biyar, kowannenku sa'an mahaifinmu ne ko ya girme shi, aka shimfiɗa muku tabarma a zaure, aka kira shi ya tsuguna a gefe. Baba, wane yaro ne mai tarbiyya zai ɗaga kai a gaban dattawa biyar ya ce bai yafe ba? Ya yafe, kuma mun ji daɗin girmamawar da kuka yi wa gidanmu. Amma abin da yake damuna shi ne ranar Juma'a ko baɗi, shi ko wani ɗan mutane ne zai sake tsayawa a tsakiyar fili, alhali kowane ɗan wasa ya riga ya gane cewa idan garinsa babba ne, kuma yana da dattawan da za su raka shi ban haƙuri, to ƙirjin alƙali ba shi da shamaki.

Malamin Islamiyya:
Maganar Maman Hanifa ta taɓo asalin matsalar. Sulhu alheri ne, babu musu, amma akwai haƙƙi biyu a nan. Akwai haƙƙin mutumin da aka ture, wannan nasa ne, ya yafe, Allah ya ba shi lada. Akwai kuma haƙƙin jama'ar da suka amince da doka ɗaya suka shiga gasa a ƙarƙashinta, ƙungiyoyi 16, wannan ba na alƙali ba ne balle ya yafe shi. Mun san abin da ya faru lokacin da wata mace daga babban gidan Banu Makhzum ta yi sata aka tura Usama bin Zaid ya nema mata ceto: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi cewa abin da ya halaka mutanen da suka gabata shi ne sukan ƙyale mai daraja idan ya yi laifi, su tsayar da hukunci a kan mai rauni. Ba ina daidaita wasan ƙwallo da haddi ba ne, amma ƙa'idar adalci ba ta canzawa don abu ƙarami ne, kuma a kan ƙananan abubuwa irin wannan yaranmu suke koyon yadda ake zaman duniya.

Kocin Cikin Gari:
Ya kamata a ji daga ɓangarenmu. Ba zan ce kyaftin ɗina bai ture alƙali ba, ya ture shi, kuma ni ne na fara rugawa na janye shi. Amma mutumin nan shekara 9 yana buga wannan gasa bai taɓa karɓar jan kati ba, shi ne yake raba faɗa idan yara sun hassala, kuma ya riga ya faɗa mana cewa bana ce shekararsa ta ƙarshe. Fenaritin da aka ba da a kanmu, har gobe ina cewa ƙwallon a cinyar ɗan wasanmu ta buga, ba a hannu ba. Ina roƙon idan za a hukunta shi, a ci shi tara ko nawa ce, ko a jinkirta dakatarwar zuwa bayan gasa, kada a hukunta gari guda saboda fushin daƙiƙa biyu.

Kocin Hayi:
Ɗan'uwana, ka ce bana ce shekararsa ta ƙarshe, sannan ka ce a jinkirta dakatarwar zuwa bayan gasa. Wane wasa ke nan za a hana shi? Ni ma yarona bai taɓa karɓar kati ba kafin ranar, kuma babu wanda ya tambaye ni tarihinsa.

Baban Khalifa:
Na yarda da mafi yawan abin da aka faɗa, amma akwai wuraren da nake so a yi hattara. Ba kowace taɓawa ce cin zarafi ba. A 2020 Sergio Aguero ya ɗora hannu a kafaɗar mataimakiyar alƙali Sian Massey-Ellis yana musun jifa, ba a ba shi ko kati ba. A 2015 Angel Di Maria ya ja rigar Michael Oliver ta baya a wasan Manchester United da Arsenal, aka ba shi kati na biyu ya fita. Paolo Di Canio kuwa a 1998 ya ture Paul Alcock har ƙasa, ya sha dakatarwar wasa 11. Idan muka ce duk wanda fatarsa ta gogi ta alƙali a kore shi shekara biyu, to mun gudu daga wani zalunci mun faɗa wani. Na biyu kuma, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai alƙalan da suke zagin 'yan wasa, akwai masu busa wa garin surukansu. Ko a Ingila, a watan Afrilun 2023, mataimakin alƙali ne ya ɗaga wa Andy Robertson gwiwar hannu a lokacin tafiya hutun rabin lokaci, aka bincika aka ƙyale shi. Wa zai hukunta alƙali idan shi ne ya yi laifi?

Malam Mai Usur:
Wannan tambaya ce mai kyau, kuma na yarda cewa dokar da ba ta hau kan alƙali ba ba za ta samu girma a idon 'yan wasa ba. Ya kamata kowace ƙungiya ta samu damar kai ƙarar alƙali a rubuce cikin kwana ɗaya, wanda aka samu da son kai ko zagi a cire shi daga jerin masu busa. Idan ɗan wasa ya san akwai ƙofar da zai bi ya kai kukansa, hujjar kai hannu ta ƙare.

Game da bambancin taɓawa, ni ma ban ce a yi musu kuɗin goro ba. Wanda ya dafa alƙali cikin raha ko ya miƙa masa hannu, babu mai maganarsa. Wanda ya riƙe shi ko ya ja rigarsa yana musu, laifi ne da ya cancanci adadin wasanni sananne. Wanda ya ture shi, nasa ya fi wancan. Wanda ya kai duka ko ya tofa yawu, wannan ya bar gasar, kuma maganarsa ta wuce kwamiti. Abin da nake nema shi ne a rubuta adadin kowane mataki tun kafin a buga ƙwallon farko, a karanta wa kyaftin-kyaftin su sa hannu, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma duk hukuncin da aka ƙirƙira bayan an ga fuskar mai laifi, to fuskar ce za ta yanke shi.

Sai maganar kyaftin, wadda Koci yake ganin dalilin sassauci ce. Ni a wurina dalilin tsanantawa ce. Tun gasar cin kofin nahiyar Turai ta 2024 a Jamus aka fito da tsarin cewa kyaftin ne kaɗai zai tunkari alƙali ya nemi bayani a kan babban hukunci, saboda ana sa ran shi ne mai hankalin ƙungiya. Idan wanda aka ba wannan amana shi ne ya kai hannu, me ya rage wa yara? Kuma mu tuna abin da ya faru a gida. A watan Yunin 2019, a wasannin Super 6 na fitar da zakaran gasar Najeriya da aka yi a filin Agege a Legas, bayan tashi daga wasan Kano Pillars da Rangers, kyaftin Rabi'u Ali ya tunkari alƙali cikin fushi, magoya baya suka ɓarke cikin fili. Hukumar gasar ta yanke masa dakatarwar wasa 12, ta ci ƙungiyar tarar naira miliyan 8. Babu ɗan ƙwallon da Kanawa suke ƙauna kamar Rabi'u Ali, wanda suke kira Pele, ni ma ina cikin masoyansa, amma 'yan kallo idonsu a kan kyaftin yake, inda ya sa ƙafa nan suke sa tasu. A Turkiyya, a watan Disamban 2023, shugaban ƙungiyar Ankaragucu ne da kansa ya shiga fili ya naushi alƙali Halil Umut Meler a fuska, sai da aka dakatar da wasannin ƙasar gaba ɗaya, shi kuma aka haramta masa harkar ƙwallo har abada. Alhaji, ranku ya daɗe, barazanar da samari suka yi muku ita ce babbar hujjar da ta sa bai kamata a janye ba, domin idan ta yi aiki bana, baɗi kowane gari da ita zai zo.

Sakataren Gasa:
Ɗalibi ya nemi in karanto dokar, ga ta kamar yadda take a takardarmu: duk wanda ya ci zarafin alƙalin wasa, kwamiti zai hukunta shi yadda ya ga ya dace. Layi ɗaya ne, babu adadi, babu mataki. Kuma tun da an zo wurin faɗar gaskiya, a cikinmu mu bakwai 'yan kwamiti, uku 'yan cikin gari ne, babu ko ɗaya daga hayi. Ranar da muka zauna a kan yaron hayi, gasa ba ta daɗe da farawa ba, muka ce bari mu yi hukunci mai zafi ya zama izina, zaman bai kai minti 20 ba. Kocin Hayi ya yi gaskiya, na ga turewar ranar Lahadi da idona, kuma da na karɓi rahoton na ga babu ita a ciki, ban tambayi dalili ba, domin rashinta ya sauƙaƙa mana.

Alƙalin Wasan:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ban so in yi magana ba, amma na ga ana ɗora wa kwamiti da Baba Alhaji nauyin da wani kasonsa nawa ne.

Lokacin da Yaya kyaftin ya ture ni, hannuna aljihun jan kati ya fara zuwa. Sai na ɗaga kai na ga mutane sun riga sun tako layi ta ɓangaren gabas, 'yan sintiri biyu ne kawai a filin, rana ta kusa faɗuwa, mashin ɗina kuma yana can bayan taron. Sannan mutumin da yake tsaye a gabana shi ne ya fara koya mini buga ƙwallo ina ɗan aji uku, ban taɓa kiran sunansa gatsal ba. Sai na mayar da hannu ɗaya aljihun. Da aka tashi na zo rubuta rahoto, na ga idan na rubuta turewa to na tona wa kaina asiri cewa na ba da katin da bai dace ba, sai na rubuta gardama. Babu wanda ya ce in yi haka.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne na yaron hayi. Gaskiya ya riƙe mini hannu, kuma doka ta hana, amma roƙona yake yi, yana cewa Yaya don Allah kada ka ba ni, bai murɗe ni ba, bai zage ni ba. A ranar babu taron da nake tsoro, mutanensu ba su fi 30 ba, sai na ba da jan kati, na kuma rubuta rahoto da kalmomi masu nauyi. Wanda ba na tsoro na tsananta masa, wanda nake jin nauyi na rufa masa. Malam Mai Usur, ba haka kuka koya mini ba.

Yafiyar da na yi wa Yaya kyaftin tana nan, har zuciyata, kuma gobe idan mun haɗu zan gaishe shi kamar kullum. Amma yau da daddare zan kai wa Sakatare ƙarin rahoto a kan wasannin biyu, in rubuta kowanne yadda ya faru. Game da fenaritin, Koci, daga inda nake tsaye hannu na gani, idan na yi kuskure ina neman afuwa, kuma idan kwamiti ya ga ya dace a hukunta ni a kan rahoton da na ɓoye gaskiya a cikinsa, zan karɓa.

Alhaji Uban Gasa:
Yaro, Allah ya yi maka albarka, ka faɗi abin da mu manya muka kasa faɗa. Sakatare, ka kira zama gobe Alhamis bayan sallar La'asar a makarantar firamare. A sake duba shari'un biyu tare, a zama ɗaya. 'Yan kwamiti uku na cikin gari su halarta amma kada su sa baki a hukunci, a gayyato Malam Mai Usur da Malamin Islamiyya su zauna a madadinsu. Kocin Hayi, ka zo da yaron da mahaifinsa, kuɗin mashin a wuyana. Maganar samari kuwa ku bar mini ita, yau bayan Isha'i zan je wurin dagaci, kuma ranar Juma'a za a ɗaura igiya a zagaye filin, a ƙaro 'yan sintiri.

Kocin Hayi:
Za mu zo, in Allah ya yarda. Ba mu ce yaronmu ba shi da laifi ba, a ba shi daidai abin da ya yi.

Kocin Cikin Gari:
Na kira kyaftin na karanta masa abin da alƙali ya rubuta tun daga farko har ƙarshe. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce zai zo zaman da ƙafarsa, kuma shi da kansa zai yi wa samarin unguwarsu magana yau da daddare. Gobe da safe a atisaye zan gwada wani yaro a gurbinsa, in kuma duba wanda zan ɗaura wa kambun ranar Juma'a. Sakatare, a sanar da ni ko zaman ƙarfe huɗu ne ko huɗu da rabi.